Agogunan Jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da Yadda Ake Adana Su

Ku ɗauka kuna duban allon da ke gaban kujerar matuƙin wani tsohon jirgin sama. Na jirgin yaƙin Birtaniya ne mai suna Hurricane, irin waɗanda daga 1940 aka riƙa harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, su biyo ta Kano da Maiduguri da Khartum har su dangana da Alƙahira. A tsakiyarsa akwai agoguna shida, wato ma'aunai masu allura, waɗanda rundunar sojan saman Birtaniya ta jera wuri guda, domin matuƙi ya san gudunsa da nisansa daga ƙasa da inda ya dosa, ko da gajimare ko duhun dare ya rufe masa ido.

Yanzu ku ƙura wa lambobin ido. Fentin da ke kansu ya koma ruwan ƙasa, ya tsattsage, har ɗan garinsa ya taru a gindin gilashin. An haɗa shi ne da sinadarin radiyam, mai fitar da tururin nukiliya, domin ya riƙa haske da dare, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa, don suna ganin tunda hasken ya mutu to haɗarin ma ya wuce. Abin da ya lalace shi ne hodar da ke ba da hasken. Shi kuwa radiyam, sai ya shafe kimanin shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, yana kuma fitar da iskar radon mai illa ga lafiya a kullum.

Saboda haka ƙa'idar farko a gidajen tarihi ita ce a auna kowane agogo da na'urar gano tururin nukiliya kafin hannu ya taɓa shi, kuma ba a buɗe gilashinsa, domin babbar illar tana cikin shaƙar wannan gari ko haɗiye shi. Wanda gilashinsa ya fashe, a leda mai kauri ake ɗaure shi, a manna masa shaida, a ajiye shi inda iska ke ratsawa. Sakaci da wannan ya taɓa jawo ɓarna: a gaɓar tekun Dalgety Bay ta Sukotland, inda aka ƙone tsofaffin jirage bayan yaƙin aka zubar da tokar, an gano ɓurɓushin radiyam a 1990, ba a kuma kammala tsabtace wurin ba sai a 2023.

Danshi shi ne abokin gaba na biyu, don yana sa tsatsa ta cinye ƙananan haƙoran da ke juya allura, shi ya sa ake sa hodar tsotse danshi a akwatin ajiya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sake fenti domin agogo ya yi ƙyalli. Ƙarcen da ke jikinsa, da lambar masana'anta, da hatimin mai duba aiki, su ne ke nuna inda aka ƙera shi da shekarar da ya shiga aiki, kuma da zarar an goge su ba su dawowa. Ƙwararru sukan ɗauki hotonsa, su rubuta kowace lamba, su share bayansa da buroshi mai laushi, sannan su bar allurar a inda ta tsaya.