Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Noma daga Manoman Gyaɗa da Masara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, mai girma Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malaman gona, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Labarin aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafi ba. Ka yi mana afuwa mu faɗi kukanmu tun kafin ka sha ruwa: muna roƙon Aflasafe, maganin gubar funfuna a gyaɗa da masara, ya iso garin nan kafin gyaɗa ta yi fure.

Mu ba baƙin gyaɗa ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kakanninmu ke ɗora buhuna a kan jakuna, kuma da guminsu aka tayar da dalar gyaɗa a zamanin su Alhassan Dantata. Kuturun gyaɗa ya durƙusar da mu a 1975, man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, amma ba mu ajiye fartanya ba. Yau kuma funfuna ce ta tare mana ƙofa. Gubarta, afulatoksin, tana jawo kansar hanta, tana tsumburar da yara, tana kashe kaji. A Kenya ta kashe mutum 125 a 2004 ta hanyar masara. Ƙasashen Turai ba sa karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta wuce kashi 4 cikin biliyan, mu kuwa abin da aka ƙi saya shi ke komawa ƙuliƙulin 'ya'yanmu.

Maganin yana nan gida, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi. Dawa ce gasasshiya da aka rina shuɗi, aka lulluɓe ta da funfuna iri huɗu marasa guba da aka tsamo daga ƙasarmu. Manomi zai watsa kilo 10 a hekta da hannunsa, mako biyu zuwa uku kafin fure, ƙasa da danshi. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin za su yi gashi-gashi, mai kyau ta mamaye gonar, mai guba ta rasa wurin zama. Gubar kan ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

To, ranka ya daɗe, sirrin duk yana ga lokaci. Bara an kawo mana shi muna tsakiyar roro (ba za mu kama suna ba), buhunan suna nan jibge a rumbu.

Muna kuma son na'urar gwaji a kasuwarmu, domin mai tsabtatacciyar gyaɗa ya ga bambanci a farashi, da ƙarin malaman gona. Waɗannan za su iya jira. Aflasafe ne ba ya jira: a buɗe mana wurin sayar da shi a nan, a kan farashin da talaka zai iya, kafin ƙarshen watan Yuni.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin manoma.