Hanya ta 66: Titin da Aka Cire daga Jerin Manyan Hanyoyin Amurka

Hanya ta 66 babban titi ne a Amurka, wanda aka ba wa wannan lamba a hukumance ranar 11 ga Nuwamba, 1926. Ta taso daga birnin Shikago, ta gangara kudu maso yamma ta cikin jihar Misuri, ta ɗan gogi kusurwar Kansas na kimanin kilomita 21 kacal, sannan ta ratsa Oklahoma da arewacin Teksas da Niyu Meziko da Arizona, har ta dire a Los Angeles. A 1936 aka tsawaita ta zuwa Santa Monica a bakin teku. Tsawonta kusan kilomita 3,940 ne, kuma sai a 1938 aka gama shimfiɗa mata kwalta da kankare daga farko har ƙarshe.

Cyrus Avery, ɗan kasuwa daga Tulsa a jihar Oklahoma, shi ne ya yi tsayin daka wajen ganin ta bi ta jiharsa, domin ya san amfanin da ke ciki. Hanyar ta ratsa tsakiyar ƙananan garuruwa, ta zama babban titinsu, kuma duk matafiyin da ya tsaya shan mai ko cin abinci ko kwana ya bar wani abu a hannun mutanen garin. A shekarun 1930, sa'ad da fari da guguwar ƙura suka kore manoma daga gonakinsu, ta kanta suka bi da iyalansu zuwa Kalifoniya neman ƙwadago. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma motocin soja suka cika ta.

Yawan motocin ne ya fi ƙarfinta, domin a wurare da dama ta yi ƙunci kuma ga kwanoni masu haɗari. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina sababbin manyan tituna masu faɗi, waɗanda suke kewaye garuruwa su wuce. Nan ne, a ganina, ainihin asarar take: kwaltar tana nan, amma matafiyan da garuruwan suka dogara da su sun ɗauke ƙafa. Glenrio, a kan iyakar Teksas da Niyu Meziko, ya koma kango. Williams a Arizona shi ne gari na ƙarshe da aka kewaye, a Oktoban 1984, kuma ranar 27 ga Yuni, 1985 aka soke lambar a hukumance.

Amma mazauna gefenta ba su yi shiru ba. A 1987 Angel Delgadillo, wani mai aski a Seligman, ya haɗa kan jama'a suka kafa ƙungiyar kare hanyar, har jihar Arizona ta amince da wani sashe nata a matsayin hanyar tarihi. Sauran jihohin suka bi sahu, shi ya sa a yau ake iya tuƙi a kan mafi yawanta ta bin allunan da aka kakkafa.