Kafin a Zuba Tudu a Layi, a Fara Sanin Wane Irin Titi Ne

Assalamu alaikum. Masu unguwanni, malamai, iyaye da matasa, sannunku da zuwa.

Duk inda aka zauna taron unguwa kan gudun ababen hawa, bakin mutane ba ya zama ɗaya. Mai gidan da ƙofarsa ke bakin titi cewa yake a zuba tudu yau, yaransa ba sa iya tsallakawa zuwa Islamiyya. Mai shago tsoronsa kada ciniki ya koma wani layin. Mai adaidaita sahu kuka yake da gyaran ƙafa duk wata. Wanda ke can cikin lungu kuwa, shi dai a bar masa hanya ya isa kasuwa da wuri. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin da ke hana su daidaitawa shi ne ba a fara yarda kan aikin titin ba.

A Najeriya an raba hanyoyi ta fuskar mai su: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Wannan rabon yana gaya maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ne kawai. Akwai rabo na biyu, na aiki. Babban titi, irin Titin Zariya ko Titin Katsina a Kano, aikinsa ɗaukar mai wucewa. Titin tsakiya yana kwaso motocin layuka ya miƙa su ga babban. Sai layin gida, wanda aikinsa kai mutum ƙofarsa, a nan ake shimfiɗa tabarmar suna, a nan yara ke wasa. Rigima tana tashi ne idan layin gida ya koma hanyar yanke, wato cunkoso ya kama babban titi, direbobi suka gano layinku yana ɓullewa gaba. Suna shigowa da gudun babban titi cikin wurin da ba a yi shi don haka ba.

Ku duba lissafin. Motar da ke kilomita 30 a awa tana cin mita 8 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ankara ya taka burki ta tsaya, a kan busasshiyar kwalta, kimanin mita 13 ne. A kilomita 50 kuwa, kusan mita 28. Ma'ana, a daidai inda mai 30 ya tsaya cak, mai 50 ko burki bai gama takawa ba. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Sweden a 2020 ya nemi a tsaya kan 30 a duk inda mota ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa. Dokar hanya ta Najeriya ta ba da 50 a cikin gari, amma wannan iyaka ce ta sama, ba ta dace da ƙofar gida ba.

Don haka kafin takarda ta tafi hukuma, ku auna. Ku sa alama biyu a bango, tsakaninsu mita 50. Mutum ɗaya ya riƙe agogon waya, wani ya riƙe littafi. Abin hawan da ya cinye tazarar a daƙiƙa 6 yana kan 30. Wanda ya cinye ta ƙasa da daƙiƙa 4 ya kai 50 ko ya kusa. Ku auna guda 100, ku jera su daga mai sanyin tafiya zuwa mai zafi, ku ɗauki na 85. Da wannan adadin injiniyoyi ke aiki. Ku yi da safe lokacin makaranta, ku sake bayan la'asar, ku kuma rubuta nawa ne suka tsaya a layin, nawa ne suka wuce kawai. Kada masu awon su tsaya a fili da riga mai ƙyalli, direba na ganinsu zai lafa, awon ya lalace.

Yanzu tudun kansa. Wanda muka saba gani, matasa sun haɗa kuɗi sun zuba siminti mai faɗin taku ɗaya, tsayinsa ya kusa kai bulo. Niyyar mai kyau ce, amma ga abin da ke biyo baya. Ƙaramar mota tana goga ciki. Mai babur ya kauce ta gefe, ta daidai dakalin da yara ke zaune, wato an kai haɗarin inda ake gudunsa. Siminti ba ya kama kwalta da kyau, damina ɗaya sai ya fara ɓantarewa. In kuma an ja shi daga bango zuwa bango, ruwan sama ya rasa mafita ya kwanta, ya cinye kwaltar. Da dare ba fenti ba fitila, baƙo ya afka masa. Ku tuna da mai naƙuda da ake rugawa da ita asibiti a adaidaita.

Tudun da ya dace doguwar kafaɗa ce mai laushi: tsawonsa a kan hanyar tafiya mita 3.7, tsayinsa a tsakiya santimita 7 da rabi zuwa 10, kada ya wuce haka. Da kwalta ake yinsa, a kankare bakin tsohuwar a shafa mata ruwan kwalta domin su haɗe. A bar tazarar ruwa kamar santimita 20 zuwa 30 a kowane gefe, kada ta yi faɗin da babur zai bi. A yi masa fenti, a kafa allon gargaɗi kafin a iso shi. Ba a sa shi a kwana, ko a bakin ƙofar gareji, ko a kan murfin magudana. Kuma guda ɗaya ba ya aiki: tazarar mita 60 zuwa 90 ake bari tsakaninsu, in ta yi nisa direba zai rama gudunsa a tsakiya, ƙarar burki da ta totur su dami masu gida.

A titin tsakiya, inda bas da motar kashe gobara ke bi, mashigi mai tudu ya fi. Samansa shimfiɗaɗɗe ne, kimanin mita 6, hawansa a hankali, a ɗora shi daidai ƙofar makaranta ko masallaci inda mutane suka riga suka saba tsallakawa. Ana kuma iya tsuke bakin layi ko dasa itatuwa a gefe, domin titi in ya yi wa ido faɗi, ƙafa takan nutse a kan totur. Babban titi kuwa ba wurin tudu ba ne, na danja ne da gadar masu tafiya a ƙasa.

Sai ku gayyaci layin da ke bayanku tun a zaman farko. Ranar da kuka gyara naku, masu yanke can za su koma. A rubuta takarda ɗaya da sunan layukan duka, a haɗa da sakamakon awon da zanen wurin, mai unguwa ya sa hannu, a kai ƙaramar hukuma idan layin nata ne, ko ma'aikatar ayyuka idan na jiha ne. A Kano a ba KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, kwafi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa makirfo.