Darasi: Zaɓen bindigar farauta mai sakata don buɗaɗɗen fili

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da warhaka. Yau zancen bindigar farauta za mu yi, irin wadda ake harbin nesa da ita a fili fetal, inda babu bishiya balle duhuwar da mutum zai raɓe. Farautar da nake nufi ita ce wadda ake yi da lasisi a jihohin Wyoming da Montana na Amurka, da yankin Karoo na Afirka ta Kudu, da kudancin Namibiya. A nan gida Najeriya dokar makamai ta 1959 ta ɗora ba da lasisin irin wannan bindiga a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma ba abu ne da ake samu a saukaƙe ba. Saboda haka darasin na wanda yake zaune a waɗancan ƙasashe ne, ko wanda zai je can farauta bisa ƙa'ida.

To, mu fara da dabbar, don ita ce ke zaɓa maka bindiga. A Wyoming akwai wata mai kama da barewa, suna kiranta pronghorn. Nauyinta kilo 40 zuwa 60, idonta kaifi gare shi, gudunta kuwa ya kan haura kilomita 80 a awa. A Karoo akwai springbok, ita ma ƙarama ce, ba ta ma kai waccan ba. Duk biyun ba sa barin mutum ya matso. Ka yi ta rarrafe da ciki, da ƙyar ka samu yadi 250 ko 300. Wurin da ake nema a jikinsu, wato zuciya da huhu, bayan kafaɗa kaɗan, faɗinsa bai wuce inci 8 ba, kamar murfin ƙaramin kwanon sha. Wannan inci 8 ɗin ku riƙe shi, duk lissafinmu a kansa yake.

Ga bindigar a hannuna, na cire harsashi, na leƙa ciki, babu komai. Kullum haka ake fara taɓa ta. Wannan ƙarfen mai ɗan hannu shi ne sakata. Ka ɗaga, ka jawo baya, kwanso ya fita. Ka tura gaba, sabon harsashi ya shiga, ka danne ƙasa ta kulle. Abin da ya sa maharban nesa suka fi sonta shi ne, idan ta kulle, sakatar ba ta motsi har harsashi ya bar bututu. Ba ta da tarkace da yawa, ƙura ba ta cika dame ta ba. A Namibiya ma ba a yarda a yi farauta da mai sarrafa kanta ba.

Za ku ji ana musu a kan iri biyu. Akwai zubin Mauser na 1898, wanda Paul Mauser ya ƙera a Jamus, mai ƙaton farce da ke cafke gindin harsashi tun daga fitowarsa. Winchester Model 70 ta 1936 a kan wannan ta tafi. Akwai kuma irin Remington 700 ta 1962, da Tikka ta ƙasar Finlan, waɗanda sakatarsu ke ingiza harsashi kawai. Wanda zai tunkari ɓauna ya damu da wannan musu. Mai neman springbok kuwa, kowacce ya ɗauka ta ishe shi, kada ya ɓata lokaci.

Inda ake yin asarar kuɗi shi ne wajen girman harsashi, kuma nan zan ɗan daɗe. Mutum zai shiga shago ya ce shi harbin nesa zai yi, sai a miƙo masa .300 Winchester Magnum. Harsashi ne nagari, tun 1963 ake aiki da shi. Amma shurinsa a kafaɗa ya kai ninki biyu na ƙaramin harsashin nan mai suna 6.5 Creedmoor. Kuma shuri yana da wata illa da mai shi ba ya gani. Bayan harbi goma, ashirin, jiki ya koyi tsoro. Kafin kunama ta saki, ido ya riga ya runtse, kafaɗa ta riga ta zabura gaba. Ga yadda za ka kama kanka. A filin gwaji, ka ba abokinka bindiga ya ɗura maka ba ka gani, wani sa'in harsashi na gaske, wani sa'in na roba wanda ba ya tashi. Ranar da ka ja kunama a kan na roba, ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa shi kaɗai ba tare da ƙara ba, to ka san bindigar ta fi ƙarfinka. Ba abin kunya ba ne, ƙattai ma yana kama su.

Don haka ga ƙananan dabbobin fili, shawarata ka tsaya a tsakiya. Akwai .270 Winchester, tun 1925 take aiki a yammacin Amurka, harsashinta miƙe yake tafiya. Akwai .308 Winchester ta 1952, wadda kusan duk garin da ake sayar da harsashi za ka same ta. Akwai 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fito da ita a 2007, siririn harsashi dogo, iska ba ta cika kwasarsa ba, shurinta sassauƙa. Ni a ganina sabon maharbi ita ya fi dacewa ya fara da ita. Idan kuma tafiyar ta haɗa da manya, kamar gemsbok ko kudu, waɗanda kan kai kilo 200 ko fiye, sai ka hau zuwa .30-06 ko 7mm Remington Magnum. Namibiya ta ma sa mizani: ƙarfin harsashi a bakin bindiga kada ya gaza jul (ma'aunin ƙarfi) 1,350 ga irin su springbok, 2,700 ga gemsbok da kudu. Kafin ka saya, tambayi mai masaukin farautar abin da dokar wurin ta ce.

Yanzu lissafi. Mu ɗauki 6.5 Creedmoor, harsashi mai nauyin giren 143 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), yana fita da gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa, an daidaita saiti a yadi 200. A yadi 300 zai sauka ƙasa da kusan inci 8. A yadi 400, wajen inci 22. A yadi 500, inci 44, ya haura mita guda ke nan. Kun ga tsakanin 400 da 500 faɗuwar ta ninka. Wannan ba ya tayar mini da hankali sosai, domin na'urar auna nisa za ta faɗa maka tazara, ka murɗa madubin hangen nesa da ke saman bindiga, shi ke nan. Iska ce matsala. Iska mai gudun mil 10 a awa, tana bugowa ta gefe, za ta ture wannan harsashin da kusan inci 10 a yadi 400. Inci 10, alhali wurin da kake nema inci 8 ne. Kuma Wyoming ba ta rabo da iska. Wadda ke kaɗa hularka daban, wadda ke can tsakiyar kwari daban. Shi ya sa ake duba kwanciyar ciyawa da rawar kawalwalniya ta cikin madubi. Babu bindigar da za ka saya ta karanta maka wannan.

Kamfanoni da yawa yanzu suna alkawarin MOA ɗaya, ma'ana harbi uku su taru cikin inci guda a yadi 100, wato inci 4 a yadi 400. Madalla. Sai dai a kan teburi aka auna, da buhunan yashi. Kai kuma kana kwance a kan tsakuwa, kana haki, ƙaya na sukar gwiwar hannu. Inci 4 ɗin nan sai ya koma 8 ko 12. Harbin da ya kauce ya samu ciki ko cinya, dabba ce za ta tafi da rauni ta mutu a wahale, kai ba ka samu nama ba, ga alhaki.

To me za ka duba a shago? Fara da kunama. Ka nemi izini ka ja ta babu harsashi. So ake ta saki tsaf, ba ta jan ƙafa, a nauyin kilo ɗaya da ɗan kai zuwa ɗaya da rabi. Sai bututu, inci 22 zuwa 24 ya wadatar. Ku kalli nan: na ɗauki takarda, na zura ta tsakanin bututu da ƙota, na ja ta har gindi. Kun ga ta wuce sumul, ba ta maƙale ba. Haka ake so, domin idan ƙota na taɓa bututu, zafi ko laima na iya sauya inda harsashi ke faɗawa. Ka tambayi murɗin cikin bututu ma. Ga 6.5 Creedmoor, juyi ɗaya a inci 8 shi ke riƙe dogon harsashi ya tafi daidai.

Sai dacewa da jiki. Rufe ido, ɗora ƙota a kafaɗa, kwantar da kumatu, sannan ka buɗe. Idan ka ga da'irar madubi cikakkiya ba tare da ka ɗaga wuya ba, ta zauna maka. Nauyi kuwa, da madubi da komai, kilo 4 ko kusa da haka. Mara nauyi daɗin ɗauka gare ta, amma rawa take yi a iska, shurinta ma ya fi zafi.

Madubi kada ka yi masa rowa. Gara bindiga mai matsakaicin kuɗi, irin Tikka T3x ko Savage 110, da madubi nagari mai jawowa sau 3 zuwa 15, da a ce akasin haka. Ragowar kuɗin ka sayi harsashi iri ɗaya da yawa, da abin toshe kunne. Ka kafa farantin takarda mai faɗin inci 8, ka harbe shi a kwance, a zaune, da kan sandunan dogara, ranar da ake iska. Tazarar da kake samunsa tara cikin goma, nan ne iyakarka, ko da yadi 220 ne. In dabba ta wuce nan, sai a ƙara rarrafe.

Mai tafiya Afirka ta Kudu da bindigarsa zai cike fom ɗin 'yan sanda mai lamba SAPS 520 don izinin shiga da ita na wucin gadi. Kuma da ka isa masauki, kafin ka fita daji, ka sake gwada saiti a yadi 100, don akwati ya sha jifa a jirgi. A darasi na gaba za mu ɗaura madubin nan tare, mu daidaita shi. Sai an jima.