Shatar jirgin ruwa a gaɓar Turkiyya: garuruwa da tsibiran da za a tsaya a mako guda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Mutumin Gombe da ya taɓa hawa kwale-kwale a Dadin Kowa ya san ruwa mai kwanciya, wanda ana tsakiyarsa ana hango gaɓa. Teku halinta daban ne. Shi ya sa idan iyali ko abokai suka haɗa kuɗi za su ɗauki shatar jirgin shaƙatawa karo na farko, abin da ya kamata su fara tambaya shi ne inda ruwa ya fi lafawa, kyan gari ya biyo baya. A kudu maso yammacin Turkiyya, a gaɓar Bahar Rum, akwai wurin da ya haɗa duka biyun, wato lungun tekun da ke tsakanin garin Fethiye da garin Gocek, wanda ake furtawa Gojek.

Ga hanyar zuwa. Daga filin jirgin Lawanti, ko na Tafawa Ɓalewa ga mutanen Bauchi, sai Abuja, daga nan Istanbul, sannan ƙaramin jirgi zuwa Dalaman. Daga filin jirgin Dalaman zuwa Gocek bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Turkiyya, don haka a fara da ita kafin a ba kowa kafin alƙalami. Galibin shata mako guda ce, daga Asabar zuwa Asabar, ana shiga jirgi da yamma a fita da safe. A sauka a ƙasar tun ranar Juma'a, domin idan jirgin sama ya makara, kwanan da aka rasa a ruwa babu mai mayar da kuɗinsa.

Jirgin da ya dace da ku shi ne wanda Turkawa ke kira gulet: na katako ne, mai faɗi, da ɗakunan kwana kamar huɗu zuwa takwas, kowanne da banɗakinsa, kuma yana zuwa da kyaftin da kuku da yaron jirgi. Akwai wata shatar da ake miƙa wa mutum jirgi ya tuƙa da kansa, amma sai da lasisin tuƙin jirgin ruwa da kuɗin ajiya na ɓarna. Wannan ba ta ɗan koyo ba ce, a bar wa masu ita.

To, ku dubi taswira. Gocek ƙaramin gari ne da tashoshin jiragen shaƙatawa suka cika bakinsa, a nan ake sayen kayan abinci da ruwan sha na mako. Da an fita, cikin ƙasa da awa guda an shiga tsibiran da ake kira goma sha biyu. Su ne suka tare raƙuman babbar teku, ruwan cikinsu ya kwanta. A tsibiran Yassica ruwan gefen yashi ba shi da zurfi, nan ne wurin fara saka yara a ruwa, da rigar ceto a jikinsu ko da sun iya iyo. Tersane shi ne mafi girma, ma'anar sunan wurin ƙera jirage, ƙofarsa ƙunci ce amma cikinsa kamar tafki, ga kangayen gidajen Girkawan da suka bar wurin a musayar jama'a da aka yi tsakanin Turkiyya da Girka a 1923. Daren farko a kwana a nan ko kusa da nan. Wanda cikinsa bai saba da ruwa ba zai yi barci lafiya.

Ku lura da yadda ake tsayawa a irin waɗannan lunguna. Kyaftin zai saki anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, daga goshin jirgi, ya riƙa ja da baya a hankali sarƙa tana zuba, tsawonta ninki huɗu zuwa biyar na zurfin ruwan. Sai yaron jirgi ya faɗa ƙaramin kwale-kwale da igiya, ya kai ta gaɓa ya ɗaure a turken ƙarfe da aka kafa a jikin dutse, domin an hana ɗaurawa a jikin bishiya a yankin. A wannan lokacin kada kowa ya shiga ruwa, farfelar injin tana juyawa. Kada kuma a sa hannu tsakanin igiya da ƙarfen da ake naɗe ta. Wannan ɗauri yana da wani amfani gare mu: jirgin da aka kama gaba da baya ba ya juyawa, idan an gano alƙibla sau ɗaya ta zauna. A can alƙibla kudu maso gabas take, ba kamar gida da muke fuskantar gabas da ɗan karkata arewa ba. Idan kuwa anga kaɗai aka saki, iska na juya jirgin, sai a sake duba kamfas a kowace sallah.

Fethiye ita ce babban garin. A saman dutsen da ke bayanta akwai kabarin wani mutum mai suna Amintas da aka sassaƙa cikin dutse tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ana hawa da matakala, daga can ana ganin tashar gaba ɗaya. A kasuwar kifi kuwa mutum ne zai zaɓi kifinsa a auna masa, ya miƙa wa ɗaya daga cikin gidajen abincin da ke kewaye su gasa masa. Babbar kasuwar mako ranar Talata take ci. Amma ga masu son samun jam'i, a gaya wa kyaftin tun ranar farko cewa ana son jirgi ya kasance a Fethiye ko Gocek kafin azahar ɗin Juma'a. Dama ranar ce jirage ke komawa tasha, abin da ake nema kawai a taso da wuri.

Daga Fethiye, tafiyar kamar awa biyu kudu, sai tsibirin Gemiler mai kangayen majami'u na zamanin Rumawan Gabas. A hau da la'asar sakaliya, da takalmi mai kama ƙasa, silifas na zamewa a kan duwatsun. Kusa da shi Oludeniz take, tafkin nan mai shuɗin ruwa da kuke gani a hotuna. Ba a barin jirage su shiga cikinsa, a waje ake tsayawa.

A nan ne masu zuwan farko ke yin zari. Sai su ce tunda an zo, a ƙarasa Kalkan da Kash da Kekova, inda ake hango ragowar tsohon gari a ƙarƙashin ruwa. Wuraren sun cancanci gani, amma hanyar tana bi ta gaban duwatsun da ake kira Yedi Burun, inda babu mafaka kuma teku ke kumbura. Gulet yana gudun kusan kilomita 15 ne a awa, ke nan sa'o'i biyar ko shida ana jijjiga a zuwa, haka a dawowa. Kyaftin kan tada inji tun asuba, saboda iska da rana take ƙarfi. Idan akwai tsofaffi ko mai juna biyu ko ƙananan yara, a haƙura da wannan ɓangaren sai an sami mako biyu. Tsibirin da ke fuskantar Kash kuma, Meis, na ƙasar Girka ne duk da kusancinsa, mai fasfon Najeriya ba ya taka shi sai da bizar Shengen ta ƙasashen Turai.

Batun lokaci, Yuli da Agusta su ne tsada da cunkoso da zafi, kuma a watannin ne iskar arewa da ake kira meltemi ke kaɗawa a tekun Ejiyan, ta fi takura wa masu tashi daga garin Bodrum. Yuni ko Satumba sun fi daɗi. Ruwan Satumba ya sha rana duk bazara, da ɗumi, ko da yake wanda ya saba da Wikki a Yankari zai ji shi da ɗan sanyi.

Sai takardar yarjejeniya, Alhaji a zauna a karanta ta layi-layi. Kuɗin shata ba shi ne kuɗin tafiya ba. A gulet yawanci man tafiyar kusan awa huɗu a rana yana ciki, abin da ya haura ku za ku biya. Iyakwandishan da janareta yake aiki, wasu jiragen awoyi ƙalilan suke kunna shi, a tabbatar an rubuta ko zai kwana a kunne. Abinci lissafinsa daban, kan kowane mutum, sannan kuɗin kwana a tasha da ihsanin ma'aikata a ƙarshe. A rubuta musu cewa ba a son giya a jirgi, ko cikin girki. Idan Hajiya da 'yan mata na son yin iyo a suturce, a nemi kyaftin ya zaɓi lungun da babu jirage, ma'aikatan kuma su koma goshin jirgi na ɗan lokaci. Sun saba da irin wannan buƙata, amma sai an faɗa.

Ruwan daɗi a tanki yake, yana ƙarewa. A ɗebi na alwala a buta, kada a sake famfo yana zuba. Masan jirgi bututunsa siriri ne, takarda ko ƙunzugun yaro ɗaya ya isa ya toshe shi, a jefa a kwandon da aka ajiye. A zo da jaka mai laushi, akwati mai tauri ba ya shiga ma'ajin ɗaki. Mai jin tashin zuciya ya sha maganinsa kamar awa guda kafin a tada inji, bayan ya tambayi likita, ya zauna a sarari wajen tsakiyar jirgi yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Saukowa ɗaki a kwanta ana latsa waya shi ke ƙara amai.