Wutar da ke rage zogi

Hadiza: Masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Malam Auwal, yau ka shigo mana da wata 'yar na'ura, ga wayoyi na reto.

Malam Auwal: TENS ake ce mata a Turance, na'urar rage zogi ce. Waɗannan faya-fayan masu danƙo ake mannawa a fata kusa da inda ke ciwo, batir ya riƙa tura wuta kaɗan-kaɗan. Miƙo hannunki.

Hadiza: Bismillah. Kai! Kamar kiyashi na yawo a fatata. Amma ba zafi.

Malam Auwal: Haka ake so. In ta yi zafi, an ƙure ta, sai a rage.

Hadiza: To yaya wuta ke kwantar da ciwo?

Malam Auwal: In kika buge gwiwar hannu, me kike fara yi?

Hadiza: Murza wurin.

Malam Auwal: Yawwa. A 1965 wasu masana kimiyya biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa akwai wani abu kamar ƙofa a lakar baya. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa sun fi kauri da sauri. In suka riga isa, sai ƙofar ta tsuke wa saƙon zogi hanyar zuwa ƙwaƙwalwa. Murzar nan na'urar ke yi miki. Dabarar ma tsohuwa ce: wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, yakan ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai jan mutum kamar minjirya.

Hadiza: Ni Mama ce a raina, Malam. Ciwon baya ya hana ta barci.

Malam Auwal: Allah ya ba ta lafiya. Sai dai ki sani, sassauci na'urar take kawowa, ba ta cire tushen ciwo. Wani ya ji daɗinta, wani ko kaɗan, kuma sau da yawa zogin na dawowa bayan an kashe ta. Abin da ke damuna shi ne mutum ya dogara da ita ya ƙi zuwa a duba shi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya taɓa ta. Mai juna biyu da mai farfaɗiya su fara tambayar likita. Ba a sa ta a maƙogwaro, ko ido, ko kan rauni.

Hadiza: Akwai wadda ake dasawa a jiki, ko?

Malam Auwal: Akwai, amma wannan aikin tiyata ne. Tun 1997 Amurka ta amince da wadda ke zaburar da wata jijiyar wuya saboda farfaɗiyar da ta gagari magani.

Hadiza: To, zan fara kai Mama asibiti, in tambaye su ko ta dace da ita. Kashe min tukuna, mu karanta saƙonnin masu saurare.