Asibitin Ido a Lokacin Annoba: Ciwon da Ke Jira da Wanda Ba Ya Jira

Assalamu alaikum 'yan uwa, na Makka da na Madina da na Jidda.

Ku tuna da na'urar da likita ke duba ido da ita. Duk wanda ya taɓa zuwa awon ido ya san ta: ka ɗora haɓa, ka jingina goshi, likita ya haska maka siririn haske. Daga hancinka zuwa nasa bai kai kamu ɗaya ba. Shi ya sa da korona ta ɓulla, likitocin ido na cikin waɗanda hankalinsu ya fi tashi. Ɗan uwansu Li Wenliang, likitan ido a birnin Wuhan na ƙasar Sin, ya gargaɗi abokan aikinsa a ƙarshen Disamban 2019, cutar ta kama shi a bakin aiki, ya mutu ranar 7 ga Fabrairun 2020.

A nan Saudiyya, ranar 2 ga Maris ɗin 2020 aka samu mutum na farko da ya kamu, a Ƙaɗif. Wata ɗaya bayan nan aka hana fita dare da rana a Makka da Madina, asibitoci kuma suka ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba. Abin bai zo wa ma'aikatan lafiya a baƙo ba, don tun 2012 suke fama da MERS, 'yar uwar korona da ake ɗauka a jikin raƙuma.

To me aka canza a asibitin ido a lokacin? Awon zafin jiki tun daga ƙofa, daga baya aka ƙara da nuna Tawakkalna a waya, wato manhajar gwamnati mai nuna matsayin lafiyar mutum. An ware kujeru, an rage 'yan rakiya. Mu da muka saba mutum ɗaya ke ciwo biyar su raka shi, wannan ya yi mana nauyi. An kafa garkuwar roba a jikin na'urar, tsakanin fuskarka da ta likita. Kowa da takunkumi, kuma a yi shiru har a gama dubawa. Kana tashi a goge wurin haɓa da na goshi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a tsabtace kan na'urar da ke taɓa ƙwayar ido wajen awon hawan jininsa, ko a sa sabo.

Da yawa daga cikin wannan tsabtar ta girmi korona. Jan idon da muke kira afolo ta hannu da tawul yake yaɗuwa, kuma asibitin da ya yi sakaci shi ma yana rarraba shi. Hajiya, tsinken kwallin nan da ke zagaya gida kaf, shi ma hanya ce.

Duk da wannan shiri, mutane sun ƙaurace. Wani tsoron cutar, wani dokar hana fita, wani kuma matsalar igama, wato takardar izinin zama. Sarki Salman ya ba da umarni ranar 30 ga Maris a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da marasa igama, amma umarnin na korona ne, bai shafi ido ba.

A nan nake so ku natsu, domin ciwon ido ba ɗaya ba ne. Yanar ido tana da haƙuri. Ko an ɗage aikin wata shida, galibi in an cire ta gani yana dawowa. Hawan jinin ido, wato gilokoma, ba haka yake ba. Yana cin jijiyar gani daga gefe, sannu a hankali, yawanci ba zafi ba ja, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa ko da aiki. Baba yana zaune a gida, kwalbar maganin ɗigawa ta ƙare, ya ce ai ba ya jin komai, bari annoba ta lafa. Ranar da zai fara karo da bakin ƙofa, ɓarna ta riga ta yi nisa. Haka mai ciwon suga da ake yi wa allura a ido wata-wata: tsallake ta sau biyu ko uku na iya jawo asarar da ba a maidowa.

Akwai kuma waɗanda ba a kwana da su, da annoba ko ba annoba. Gani ya ɗauke farat ɗaya. Walƙiya da ɗigo-ɗigon baƙi, ko wani abu kamar labule ya sauko a gefen ido. Ciwon ido mai tsanani da ciwon kai da amai. Rauni, ko sinadari ya fantsama. In sinadari ne, a fara wanke idon da ruwa mai yawa tun a gida, sannan a nufi sashen gaggawa, wanda ko a tsakiyar dokar hana fita a buɗe yake.

In kuma kana tari ko zazzaɓi ga ranar ganin likita ta zo, kada ka ɓoye, kada kuma ka fasa zuwa ba tare da ka sanar ba. Kira asibitin, ko lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya, ka faɗi sunan maganin da kake ɗigawa da ranar da zai ƙare, su za su ce maka ka zo yau ko a sa maka wata rana.